Ta san kalmar a takarda, ba ta gane ta a kunne: muhawara kan Turancin ɗaliban sakandare a ƙasar Sin

Alhaji Mai Tayil:
Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina neman shawarar malaman da ke cikin wannan zaure, musamman waɗanda suka zauna a ƙasar Sin ko suka taɓa koyar da Turanci. Akwai wani Basine a birnin Foshan da na shafe shekaru ina sayen tayil a hannunsa, har mu'amalarmu ta wuce ta ciniki ta zama ta zumunci. A zuwana na ƙarshe ya gayyace ni cin abinci a gidansa, ya kira 'yarsa da ke aji biyu na babbar sakandare, ya ce in yi mata magana da Turanci domin ta gwada kanta. Na yi mata tambayoyi uku masu sauƙi, amma ta yi shiru tana kallon mahaifinta. Da na rubuta tambayoyin a wayata na miƙa mata, nan take ta amsa su duka, har ta nuna mini wani kuskuren nahawu da na yi. Uban ya ce sauraro ne yake ja mata maki baya, kuma a ɓangaren auna fahimta ma lokaci yakan ƙare mata kafin ta gama matani na huɗu. Ya roƙe ni in tambayo masa malaman ƙasarmu, tunda ya ji cewa mu da Turanci ake koyar da mu a makaranta. Ni kuwa Turancina na kasuwa ne, shi ya sa na kawo maganar gabanku.

Malama a Wuhan:
Wa alaikumus salam, Alhaji. Abin da ka gani ba baƙon abu ba ne, har Sinawa da kansu sun raɗa masa suna, suna ce masa "yaba yingyu", wato Turancin bebe, wasu kuma su ƙara da cewa na kurma ne. Ina karatun digiri na uku a fannin koyar da harshe, kuma bincikena ya sa na zauna a bayan aji a wasu makarantun sakandare na lardin Hubei har zango biyu.

Kafin a ba da shawara ya kamata a san jarrabawar da yarinyar take fuskanta, domin a can duk abin da ake yi a aji yana bin sawun jarrabawar shiga jami'a da ake kira gaokao. An dawo da ita a 1977 bayan dakatar da ita da aka yi a zamanin juyin juya halin al'adu, ana fara ta ranar 7 ga watan Yuni, kuma a 2024 mutum miliyan 13.42 ne suka yi rajistarta. A yawancin larduna jimillar maki 750 ne, Turanci yana da 150 daga ciki, daidai da Sinanci da lissafi, ana kuma rubuta shi da yammacin 8 ga wata cikin awa biyu. A takardar ƙasa da na ga ana bita da ita, sauraro yana da maki 30 a tambaya 20. Biyar na farko gajerun hirarraki ne da ake kunnawa sau ɗaya tak, a ba ɗalibi daƙiƙa goma ya amsa ya kuma duba tambaya ta gaba, sauran kuwa ana kunna su sau biyu. Auna fahimta yana da maki 50: matani huɗu masu tambaya 15, sai wani matani da aka cire masa jimloli biyar aka ba ɗalibi bakwai ya zaɓa ya mayar da kowace gurbinta.

Suna ɗaukar sauraron nan da muhimmanci ƙwarai. Ana hana danna hon da aikin gini a kusa da cibiyoyin jarrabawa, kuma wanda bai shiga ba minti 15 kafin a fara takardar harshen waje, ba za a bar shi ya shiga ba. Akwai ma wani misali da ake kunnawa kafin tambayoyi, na farashin wata riga fam tara da fani goma sha biyar, wanda ya daɗe har ya zama abin barkwanci tsakanin duk waɗanda suka taɓa zama jarrabawar.

Malamin Hausa a Beijing:
Malama ta yi bayani mai kyau, amma ina da gyara guda, kuma gyaran zai iya sauya shawarar gaba ɗaya. Foshan a lardin Guangdong take, shi kuwa Guangdong ba ya haɗa sauraro da takardar watan Yuni. Yana da tasa jarrabawar ta sauraro da magana da ake yi a gaban kwamfuta a watan Maris, ɗalibi ya sa abin sauraro a kunne ya yi magana a makirfo. Kashi uku ce. A na farko ɗalibi yana kallon ɗan gajeren bidiyo sannan ya karanta maganar da ƙarfi yana kwaikwayon lafazin mai maganar. A na biyu yana sauraron hira, ya yi tambaya uku da Turanci, ya amsa biyar. A na uku ana karanta masa labari, shi kuma ya maimaita shi da bakinsa. Wannan duka maki 20 ne cikin 150, sauran 130 na rubutacciyar takarda ne.

Bambancin nan ba na Guangdong kaɗai ba ne. A nan Beijing tun 2021 sauraro da magana suna da maki 50, ana yin su a kwamfuta, kuma ɗalibi yana da damar gwadawa sau biyu. Lardin Shandong yana yin nasa sauraron a watan Janairu, sau biyu, a ɗauki makin da ya fi. Lardin Henan kuwa ya shafe shekaru ana yin sauraron amma ba a lissafa makinsa a jimilla, kuma kowa zai iya hasashen yawan lokacin da malami zai ba abin da ba ya shiga lissafi. Don haka, Alhaji, ka tabbatar mana a wane lardi yarinyar za ta zauna jarrabawa, domin akwai 'yan kasuwa da yawa a Foshan da asalin rajistar gidansu tana wani lardin.

Alhaji Mai Tayil:
Na tambaye shi yanzu. Haifaffen Foshan ne, a can yarinyar take makaranta kuma a can za ta rubuta. Ya ce a gida harshen Kanton suke yi, a makaranta kuma daidaitaccen Sinanci.

Baba Malam:
Allah ya yi muku albarka. Na koyar da Turanci a makarantun sakandare fiye da shekara talatin kafin in yi ritaya, ban taɓa zuwa ƙasar Sin ba, amma yaro yaro ne ko'ina yake. Abu na farko, Alhaji, kada ka ji haushina idan na ce wataƙila lafazinka ne ya rikita ta. Yarinyar da ba ta taɓa jin Turanci daga bakin kowa ba sai malaminta da muryoyin Ingila da Amurka da ake kunna musu, ba mamaki ta daburce idan ta ji shi daga bakin Bakano. Wannan ba ya nuna ba ta iya sauraro ba.

Abu na biyu, a iya sanina wanda bai gane magana ba, kalmomi ne suka yi masa ƙaranci. Maganin kuwa tsoho ne: ta haddace kalmomi goma kullum, ta riƙe nahawu da kyau, ta kuma riƙa karatu da ƙarfi kowace safiya domin harshenta ya warware. Da haka muka koya, da haka muka koyar, kuma ɗalibanmu ba su ba mu kunya ba.

Malama a Wuhan:
Baba, Allah ya ƙara girma. Batun lafazin Alhaji na yarda da shi, yana iya zama kashi ɗaya na matsalar. Amma ka yi mini afuwa, maganin da ka kawo shi ne ainihin abin da yaran nan suke sha safe da yamma, kuma da shi suka kai inda suke. Kowace makaranta da na shiga tana da karatun safe da suke kira "zaodu", inda aji gaba ɗaya yake ɗaukar murya kafin a fara darasi, kowa yana rera nasa, har mai wucewa zai ce makarantar allo ce da asuba. Hadda kuwa ba a fin su. Akwai jerin kalmomi 3,500 na tsohuwar manhaja da kusan kowane ɗalibi yake yawo da ɗan littafinsa a aljihu, ko da yake manhajar 2017 ta rage adadin zuwa kimanin 3,000. An kuma fara koya musu Turanci tun aji uku na firamare bisa umarnin ma'aikatar ilimi na 2001, wato yarinyar nan ta shafe kusan shekara tara tana yi.

Abin da na lura shi ne, ɗalibi yakan adana kalmar a kansa da siffarta ta rubutu da ma'anarta ta Sinanci, sautin kuwa ko dai babu shi ko kuma nasa ne da ya ƙirƙira. Idan ya yi karatu da ƙarfi a cikin hayaniyar mutum hamsin babu mai gyara masa, kuskuren nasa yake ƙara dasawa. Ranar da Bature ya furta kalmar yadda take, sai ta wuce shi kamar bai taɓa haɗuwa da ita ba. Alhaji ya ba mu shaidar haka da kansa: tambayar da ta kasa ji, ita ce ta karanta ta amsa.

Ba sai mun yi ta jayayya ba, akwai gwajin da zai raba gardama. A samo sautin da bai wuce minti ɗaya ba daga tsofaffin takardun jarrabawarsu, tare da rubutaccen abin da aka faɗa a ciki. Ta saurara sau uku tana rubuta abin da ta ji kamar shifta, sannan ta buɗe rubutun ta kwatanta. Duk inda ta rasa, ta raba shi gida uku: kalmar da ba ta sani ba sam, kalmar da ta sani a rubuce amma ba ta gane ta a kunne ba, da kuma wurin da ta ji kowace kalma amma ma'anar jimlar ta kuɓuce mata saboda sauri. Idan gida na farko ya fi cika, Baba ya yi gaskiya. Idan na biyu ne, to ƙara mata hadda zuba ruwa ne a kwando.

Malamin Hausa a Beijing:
Ina goyon bayan wannan gwaji, kuma ina iya faɗin abin da za a tarar a gida na biyu, domin ɗaliban da nake koya wa Hausa a jami'a duk ta gaokao suka biyo, kuma kunnen da suka zo da shi ina ganin aikinsa kullum.

Gaɓar daidaitaccen Sinanci ba ta jera baƙaƙe biyu ko uku a jere, kuma ba ta ƙarewa da baƙi sai na hanci guda biyu da kuma wani sautin r. Saboda haka ɗalibi yakan cusa wasali a tsakanin baƙaƙen Turanci ko a ƙarshen kalma. Mu Hausawa bai kamata mu yi musu dariya ba, domin da wannan dabarar muka samu birki da buroshi da firamare. Harshen Kanton da yarinyar take yi a gida yana da gaɓoɓi masu ƙarewa da p da t da k, amma ana datse su ne ba a sake su, don haka ita matsalarta za ta fi karkata ga haɗiye ƙarshen kalma, sannan masu wannan harshe da yawa suna cakuɗa n da l.

Babbar matsalar ba a ɗaiɗaikun sautuka take ba. Sinanci, kamar Hausa, harshe ne mai karin sauti, kuma kusan kowace gaɓa tana fitowa a fili da nata haƙƙin. Turanci kuwa yana danna wasu gaɓoɓi da ƙarfi ya murƙushe sauran, sannan ya liƙa ƙarshen kalma da farkon mai bi mata. "Not at all" kalma uku ce a takarda, amma a bakin mai harshen dunƙule ɗaya ce. Ƙananan kalmomi irin su "of" da "to" da "can" da "have" sukan shanye har su zama kamar numfashi, alhali su ne suke ɗauke da lokaci da dangantakar sassan jimla. Ɗalibin da ya saba jiran kowace kalma ta fito da cikakken wasalinta yana nan yana jira har jimlar ta wuce.

Ga kuma lambobi. Bambancin "fifteen" da "fifty" ya dogara sosai ga gaɓar da aka danna. Sannan Sinanci yana ƙirga manyan lambobi da ma'aunin dubu goma da suke kira "wan", Turanci kuwa da dubu, don haka idan aka ce dubu ɗari biyu da hamsin sai ɗalibi ya tsaya yana juya lissafin a ransa zuwa wan ashirin da biyar, kafin ya gama an yi jimla biyu a gaba.

Ɗan Zango na Kumasi:
Salamu alaikum, iyayena da yayyena. Ƙaramar gudummawa ce daga wanda ya zauna irin wannan jarrabawa. A nan Gana takarda ta uku ta Turancin WAEC sauraro ne na gaske, ana kunna mana sauti muna amsawa, saɓanin Nijeriya inda ake gwada ilimin furuci a rubuce ba tare da an ji muryar kowa ba. Abin da ya fi cutar da ni a lokacin shi ne tsayawa a kan kalma ɗaya da ta wuce ni, ina ta tunaninta har tambayoyi biyu su tafi. Tunda yarinyar nan za ta maimaita labari da bakinta, ya kamata ta koyi rubuta ɗan abin tunawa yayin da take sauraro, sunaye da lambobi da aikatau kawai, ba jimla cikakkiya ba, kuma ta horar da kanta ta bar abin da ya wuce ya wuce.

Baba Malam:
Ɗana na Kumasi ya taɓo inda yake mini ƙaiƙayi. Gaskiya ne mun shekara muna koya wa yara alamomin sauti a allo, suna cin jarrabawar furuci da biro, ba tare da makarantarmu ta mallaki ko rediyo mai kaset ba. Don haka a batun sauraro na sassauta, zan jira sakamakon gwajin Malama.

Amma a batun auna fahimta ba zan janye ba. Yarinyar da lokaci yake ƙare mata a matani na huɗu, na tabbata dogayen jimloli ne suke cinye ta. Jimlar Turanci takan fara da aikau, wato mai yin aikin, ta saka ganga a cikin ganga, wato ƙaramar jimla a cikin wata, sai bayan layi biyu aikatau ya bayyana. Wanda bai iya nahawu ba zai karanta ta sau huɗu yana sanin kowace kalma amma bai san wa ya yi me ba. Abin da nake sa ɗalibaina shi ne su nemo babban aikatau tukuna, su ja masa layi, su nemo mai aikin, sannan su kewaye duk abin da yake ƙarin bayani ne su ajiye shi gefe. Jimla biyar a rana, cikin wata uku ido zai riƙa yin aikin da kansa. Wannan nahawu ne, kuma babu wata sabuwar hikima da za ta maye gurbinsa.

Malama a Wuhan:
A nan kam, Baba, kai da malaman Sin bakinku ɗaya. Suna da suna na musamman ga irin waɗannan jimloli, "changnanju", wato dogaye masu wuya, kuma yadda ka bayyana haka suke feɗe su a allo. Akwai dalilin da ya sa suke wahalar da su fiye da yadda suke wahalar da mu: a Sinanci duk abin da yake siffanta suna yana zuwa ne kafin sunan, ko da ganga ce guda, alhali Turanci, kamar Hausa, yana jero gangar bayan sunan. Ɗalibin da yake fassara a ransa yana karatu dole ya kai ƙarshen jimla ya dawo baya ya sake ɗinka ta, kuma a nan mintuna suke zubewa.

Inda zan ƙara shi ne, feɗe jimla yana koyar da daidaito amma ba ya koyar da sauri. Sauri daga yawan karatu mai sauƙi yake zuwa. Paul Nation, masanin koyon kalmomi na ƙasar New Zealand, ya nuna cewa mai karatu yana bukatar sanin kusan kashi 98 cikin ɗari na kalmomin matani kafin ya fahimce shi ba tare da taimako ba, wato baƙuwar kalma ɗaya cikin hamsin, kuma ya ƙiyasta cewa kaiwa ga haka a rubutun da aka yi don masu harshen yana bukatar dangin kalmomi 8,000 zuwa 9,000, wato ana ƙirga kalma da duk rassanta a matsayin guda. Wanda yake da 3,000 idan aka miƙa masa jaridar Landan ko ta New York, ba karatu zai yi ba, aikin ƙamus zai yi. Abin da ya dace da shi shi ne littattafan da aka sauƙaƙa bisa mataki, ko jaridar ɗalibai irin wadda kamfanin China Daily yake bugawa, ya karanta shafuka da yawa ba tare da tsayawa ba kuma ba tare da tambayoyi a ƙarshe ba.

Abin da na gani a azuzuwan da na zauna kuwa akasin haka ne. Suna kiransa dabarar tekun tambayoyi. Ɗalibi yakan yi matani huɗu ko biyar a rana, amma kowanne gajere ne mai wuya, ana karanta shi don farautar amsa, a duba maki, a wuce. Na taɓa tambayar wasu 'yan aji uku ko akwai wanda ya taɓa karanta labari guda na Turanci daga farko har ƙarshe don jin daɗi, hannuwan da suka tashi ba su cika yatsun hannu ɗaya ba.

Hajiya 'Yar Damagaram:
Ina bin muhawarar tun farko, kuma ina so in tsaya wa uban yarinyar. Ni da Faransanci na yi makaranta, Turanci daga baya na koya, na san daɗin karatu don nishaɗi. Amma yarinyar da take shiga aji tun kafin bakwai na safe, ta fito daga bitar dare bayan tara, tana da darussa shida da za ta rubuta, a ina za ta samu lokacin labari? Maki ɗaya a wannan jarrabawa yana iya raba ta da dubban 'yan lardinsu. Ba laifi ba ne a koya mata dabarun cin jarrabawa: ta karanta tambaya kafin matani, ta san cewa amsoshi sukan bi tsarin sakin layi, ta yi hattara da zaɓin da yake ɗauke da kalmomin yanke hukunci irin su "always" da "never". Kuma kada mu manta ita 'yar mai hali ce. Tun da gwamnati ta taƙaita kasuwar darasin bayan makaranta a watan Yulin 2021, har babban kamfani irin New Oriental ya koma tallar kayan gona ta intanet, mai kuɗi yana iya nemo wa ɗansa malami a gida, ɗan ƙauye kuwa dabarun nan da takardun baya su ne jarinsa.

Malamin Hausa a Beijing:
Hajiya, ban raina dabara ba, amma tana da iyaka, kuma masu shirya takardar sun san duk dabarun da ake koyarwa. A sauraro, sau da yawa za ka ji an ambaci duk zaɓi ukun a cikin hirar, kuma wanda aka furta da kalmominsa sak shi ne tarko, amsar gaskiya tana zuwa ne da wasu kalmomi masu ma'ana ɗaya. Haka yake a auna fahimta, inda tambayoyin matani na uku da na huɗu suke neman manufar marubuci ko abin da za a iya fahimta ba a faɗa ba. Mai farautar kalma a nan yake faɗawa rami.

Matanin da ake mayar wa jimloli biyar ma ba ya cinyuwa sai an bi zaren magana: wannan wakilin suna ga wa yake komawa, wannan "however" me take warwarewa. Ga misali ɗaya da ke nuna wahalar. A maganar Sinanci "shi" da "ita" sauti ɗaya ne, "ta", a rubutu kawai ake bambanta su, shi ya sa ɗalibaina suke shan wuya da jinsi a Hausa, kuma shi ya sa a labarin Turanci mai mutum biyu ɗalibi yakan rikita wa ya faɗi me. Sannan sabuwar takarda tana da insha'i mai maki 25 wanda lardin Zhejiang ya fara a 2016, inda ake ba ɗalibi rabin labari ya ƙarasa shi da sakin layi biyu. Wanda bai saba karanta labari ba, da me zai ƙarasa? Wato karatun da Malama take kira a yi, yanzu shi ma maki ne, ba nishaɗi kaɗai ba. Ɗaya insha'in kuwa har yanzu yawanci wasiƙa ce da ake rubutawa da sunan Li Hua, ɗalibin ƙage da ya shafe shekaru yana aika wasiƙu ta hannun miliyoyin yara.

Alhaji Mai Tayil:
Jama'a, ku gafarce ni da shirun kwana huɗu, sai ranar Lahadi yarinyar take dawowa gida daga makarantar kwana. Ta yi gwajin da Malama ta ce, uban ya turo mini hoton takardar. Wurare 19 ta rasa. Uku kalmomi ne da ba ta sani ba, huɗu ta ce ta ji su amma sauri ya hana ta haɗa ma'anar, sauran 12 kuwa kalmomi ne da ta sani sarai, har da irin su "asked her" da "would have". Uban ya ce da ta buɗe rubutun ta ga abin da ya wuce ta sai ta rufe fuska tana dariya. Yanzu tambayarsa ita ce, me za ta yi da minti talatin a rana, domin iyakar abin da za ta iya warewa ke nan, kuma makarantar ba ta barin su riƙe waya sai ƙaramar na'urar sauraro.

Malama a Wuhan:
Minti talatin sun isa idan ba a fasa ba, tunda tana da fiye da shekara kafin Maris ɗin da za ta zauna. Sha biyar na farko ta ba shifta irin wadda ta yi, da sautin da bai wuce minti ɗaya ba, amma kada ta tsaya a gano kuskure. Duk wurin da ya faɗa gida na biyu ta sake kunna shi tana kallon rubutun, sannan ta rufe rubutun ta bi muryar a baya-baya tana kwaikwayo har bakinta ya iya liƙa kalmomin yadda mai maganar ya liƙa su. Wannan kai tsaye shi ne kashi na farko na jarrabawar Guangdong. Sau biyu a mako ta maye gurbin shiftar da gajeren labari, ta saurara, ta rubuta abin tunawa yadda ɗan'uwanmu na Kumasi ya ce, ta maimaita shi cikin minti ɗaya tana naɗar muryarta. Sauran sha biyar ɗin ta karanta littafi mai sauƙi wanda yake da sautinsa, wani lokaci ido da kunne tare, domin muryar za ta hana ta komawa baya tana fassara. Idan a shafi ɗaya ta tarar da baƙin kalmomi sun wuce biyar, littafin ya yi mata nauyi, ta sauka mataki ɗaya ba tare da jin kunya ba. Shirye-shiryen Muryar Amurka na Turanci mai sauƙi, waɗanda aka fara tun 1959, suna da amfani a watannin farko, amma kada ta daɗe a kansu, saboda a hankali ake karanta su kuma ba a liƙa kalmomi yadda ake yi a hira.

Baba Malam:
Sha biyu cikin sha tara, na karɓi kaye a sauraro, 'yata. Amma ban ga inda kika ajiye jimlolina biyar ba a cikin wannan rabo.

Malama a Wuhan:
Suna nan, Baba, sai dai ba daga minti talatin ɗin za a cire su ba. Malaminta yana ba ta matani masu wuya kullum a aji, daga cikinsu za ta tsamo jimlolin da suka tsayar da ita ta feɗe su yadda ka koyar, maimakon ta duba amsa ta wuce. Biyu a rana ma sun wadatar a ganina.

Baba Malam:
Uku. Kuma ta rubuta su a littafi guda, ta riƙa komawa kansu ranar Lahadi.

Alhaji Mai Tayil:
Na tattara duka zan sa a fassara masa da Sinanci yau da dare. Ya kuma roƙi in riƙa kiranta ta bidiyo minti goma duk Lahadi muna hira, na ce masa sai na tambayi malamai tukuna, tunda Baba ya riga ya yi wa lafazina shaida.

Malamin Hausa a Beijing:
Ka kira ta, Alhaji. Muryoyin jarrabawa tana samun su a makaranta, abin da ba ta da shi shi ne mutumin da zai yi mata tambaya ya jira amsa. Sharaɗi ɗaya ne: idan ba ta gane ba, ka maimaita ko ka sauya kalmomi, amma kada ka sake rubuta mata a waya.